Fentin da Ya Shafe Shaidar Ruwa

Ku yi haƙuri da ni yau, masu karatu, ban zo da fara'a ba. Ina rubutun nan cike da tsabar takaici. Wata a cikinku ta rubuto min cewa, "Malama, ke dai kin fiye tsirfa, ga miji har miji Allah ya kawo miki kina ta yanga." To 'yar'uwa, gyara zama. In kin gama karanta wannan ki sake rubuto min, ina nan ina jira.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni malamar kimiyya ce a wata sakandare, ina gaban iyayena. Akwai mai nemana, yana da ƙaton shagon fenti da kayan gini a bakin babban titi. Mutum ne mai tsafta da ƙamshi, kuma bai taɓa zuwa gidanmu hannu rabbana ba. Umma ta riga ta ba shi ni a zuciyarta tun ranar da ya turo ma'aikatansa suka shafe mana falo kyauta. Ni ma ban ƙi shi ba, kada in yi muku ƙarya. Yana sa ni dariya, Gimbiya yake kirana, in na yi magana yana saurara, ko dai haka na ɗauka. Abu ɗaya ne ke ɗan sosa min rai, ko tsinke ba ya iya ɗagawa sai an ɗauke shi hoto. Ɗalibaina har suna suka laƙaba masa, wai Kafin-da-Bayan, domin duk abin da ya ɗora a shafin shagonsa hoto biyu ne, ga bango kafin fentinsa, ga shi bayan fentinsa.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya cinye wani gari a bakin kogi, tafiyar rabin yini daga wurinmu. 'Yan ajin ƙarshe ne da kansu suka je wurin shugaban makaranta suka ce suna so su je taimako a hutun tsakiyar zango. Jagorarsu ita ce shugabar ɗalibai, wadda muke kira Lauya, domin ko sannu ka ce mata sai ta tambaye ka dalili. Suka bi gida gida suka tara tsintsiya da bokitai da shebur da sabulu da safar hannu. Aka ce ni da malamin wasanni mu raka su.

Ranar da na gaya wa Umma, ajiye ludayin da ke hannunta ta yi.

"Ki je ki kwaso min taɓo, ki yi baƙi ki bushe? Kin manta manyan yaron nan za su zo ganin Babanki bayan hutu?"

"Umma, ɗalibaina ne fa."

"Ɗalibanki ba su da iyaye?"

Da yamma ya zo zance, ya ji labarin, nan take ya ce shi zai biya motar da za ta kai mu, kuma zai biyo mu da gwangwanayen fenti sadaka. Sai ga Umma ta washe baki daga bayan labule. "Ah to, ai aikin lada ne, ki je mana, wa ya hana ki?" Ta ƙara min da man shafawa har kwalba biyu, wai saboda rana. Washegari ya sa aka shigar da shi guruf ɗin tafiyar da muka buɗe a waya, inda muke da shugaban makaranta da iyayen yara, wai don ya riƙa turo hotuna. Yaran kuwa an hana su tafiya da waya, dokar makaranta ce.

Ba zan iya kwatanta muku garin nan yadda yake ba. Wari ne ya fara tarbarmu tun kafin mu sauka. Taɓo har gwiwa a cikin ɗakuna, katifu shanye a kan katanga sun kumbura sun yi baƙi, littattafan yara sun manne sun zama curi guda. A jikin kowane bango akwai wani zane ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar an sa rula, ya wuce kafaɗata, nan ne inda ruwan ya tsaya. Yaran da suka cika mana kunne da waƙa a mota suka yi tsit. Wani ƙato a ajinmu da ke gudun sharar aji, shi ne ya fara cire takalmi ya ɗauki shebur, bai ajiye ba sai da tafinsa ya yi bororo ya fashe. Farin hijabin Lauya kafin azahar ya koma kalar ƙasa, ko a jikinta. Wallahi na yi alfahari da yaran nan, har sai da na koma bayan mota na share hawaye.

Muka kasu biyu. Ni da rabin yaran muka kama firamaren garin, muna kwashe taɓo daga azuzuwa. Malamin wasanni da su Lauya suka kama wani ɗan layi a bayan asibiti. Gidan farko na wata tsohuwa ce da kowa ke kira Kaka, tana riƙe da jikoki marayu. Bangon ɗakinta na baya ya tsage tun daga sama har ƙasa, sai da aka tokare shi da katako. Duk da haka ita ce ke dafa wa yaran shayi a gwangwani tana sa musu albarka.

Ana gobe za mu dawo, sai ga mutumina. Farar shadda ce a jikinsa tana ɗaukar ido, da sabon takalmin roba da ko takardar jikinsa ba a ɓare ba, bayan mota cike da fenti shuɗi. Ya leƙo firamare ya ce min sannu da aiki daga bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici, ya wuce. A lokacin malamin wasanni ya tafi nemo mana motar ruwa. Ni kuwa ina fama da benci da ya nutse a taɓo, ban ko ɗaga kai na tambaye shi ina za shi ba.

Da la'asar na zagaya layin bayan asibiti, sai da na tsaya na murza ido. Layin nan ya koma shuɗi fes, ciki da waje, kamar ba a taɓa yin ruwa a wurin ba. Yara duk sun yi dabbare-dabbare da fenti suna ta murna. Ni ma na ce kai, masha Allah. Kaka kaɗai na gani zaune a kan kifaffen bokiti, ta zuba tagumi. Na gaishe ta, ta amsa ba ta kalle ni ba. Na ɗauka gajiya ce.

Mun dawo, an koma makaranta, ina ofishin malamai ina duba littattafan gwaji, sai ga Lauya ta faɗo ko sallamar kirki babu. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Malama, an hana su Kaka."

"An hana su me?"

"Gyaran gida. Maƙwabcinta ya ari waya ya kira lambar mahaifiyata. Masu duba ɓarna na hukuma sun zo bayan tafiyarmu. Zanen ruwan nan suke dubawa a bango. Gidan da suka ga ruwa ya wuce taga, sai su yi masa jan alli a ƙofa, shi za a sake ginawa. Da suka zo layinmu suka ga bango sumul, sai suka ce ai ku an riga an gyara muku. Ko gida ɗaya bai samu alli ba."

Na ce to a koma a kankare fentin mana, zanen zai fito.

"Ba zai fito ba. Da burushin ƙarfe muka goge shi kafin mu shafa. Ni na goge na ɗakin Kaka, da hannun nan nawa." Ta ɗaga hannun tana kallonsa. "Tana roƙonmu mu bari, tana cewa shi ne shaidarta. Na ce masa mu jira ki zo. Ya ce ke kika ce a yi."

"Ni?"

"Ya ce, Malamarku ta amince, ita ta turo ni. Da ba don sunanki ba, Malama, wallahi ko yanka ni zai yi ba zan taɓa bangon nan ba."

Jama'a, ku faɗa min, ina zan sa kaina? Garin neman gira mun rasa ido, kuma da sunana aka tsone idon. Yarinyar da ba ta yarda da maganar kowa sai da hujja, ta yarda da tawa ba hujja, ga abin da ya jawo mata.

Lauya ta ce akwai sauran dama guda. Masu dubawar suna nan a tantinsu har ranar Asabar da yamma, daga nan za su naɗe su wuce wani garin. Sun ce maganar baki ba ta isa ba, amma in akwai hoto ko bidiyo da ya nuna zanen tare da ƙofar kowane gida, za su sake dubawa. Wayoyin mutanen layin ruwa ya cinye. Tawa hotunan firamare ne kawai a ciki, ta malamin wasanni ma haka. Wanda mutumina ya ɗora a shafinsa kuwa wani ɗan yankin bango ne da gwangwaninsa a gaba, ba ƙofa ba taga, ba wanda zai ce ga gidan. Amma yara duk sun gan shi, kafin a fara gogewa, ya bi layin daga farko har ƙarshe da wayarsa, ƙofa ƙofa, yana ɗaukar bidiyon "kafin".

Asabar ɗin nan kuma ita ce ranar da manyansa za su zo gidanmu.

Ban jira an tashi ba, na fita bayan ajin gwaji na tura masa saƙo.

"Turo min bidiyon layin Kaka. Cikakken."

"Gimbiya, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Turo min bidiyon."

"Na ji zancen, wallahi ban ji daɗi ba. Amma akwai surutai a ciki. In ya fita 'yan hassada sai sun kashe min kasuwa."

"Cire sautin ka turo."

"Ba ki gane ba. Ko ba sauti, da zarar na tura na amsa cewa fentina ne ya jawo. Sunan shago fa ake magana."

"Bangon tsohuwa fa ake magana. Da katako aka tokare shi, yara na kwana a ƙarƙashi."

"Zan aika mata buhun shinkafa."

"Buhun shinkafa zai riƙe bango?"

Ya turo min fuskar dariya har uku. Fuskar dariya, masu karatu! Na ji jini ya hau min ka. Na rubuta, "Me ya sa ka ce wa yara ni na amince?"

Sai da ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, sannan amsa ta shigo. "Haba Gimbiya, ai ni da ke yanzu abu ɗaya ne. Ki bari a gama zancen Asabar lafiya, sai mu zauna mu ga abin da za a yi."

Na kira, bai ɗauka ba. Na je shagon bayan an tashi, aka ce ya tafi sarin kaya. Washegari na sake kira, ya ɗauka yana tambayata kalar kayan da zan sa ranar Asabar, wai don hularsa ta dace da su. Na kashe wayar kafin bakina ya faɗi abin da tarbiyyata ba ta yarda da shi ba.

A gida kuwa an shiga hidima. An wanke labule, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai ranar baƙi, Gwaggo ƙanwar Baba ta tare a gidanmu da akwatinta. Na samu Umma a ɗakinta ta baza leshi ruwan zuma a kan gado, tana gwada masa mayafi kala kala. Na zauna a bakin gado na kwashe komai na gaya mata, ina tsammanin za ta ce subhanallahi.

"To sai me?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yaro ya kai sadakar fenti, ya zama laifi?"

"Umma, tsohuwar ta roƙe shi. Kuma ya yi ƙarya da sunana."

"Ke ce hukuma? Ke kika aiko ruwan? Kowa da rabonsa, in Allah ya rubuta za a gina mata, za a gina."

Gwaggo ta karɓe daga inda take ninke ɗankwali. "Ke 'yar nan, namiji ai ɗan lallashi ne. Ki shiga gidan tukuna, in kin shiga ko wayar gaba ɗaya kika ce ya ba ki zai ba ki."

"Gwaggo, kafin in shiga gidan ai bangon ya faɗo."

"Ji bakinta! Wannan boko naku dai bai yi ba."

Umma ta ajiye mayafin ta matso kusa da ni, ta sassauta murya, wadda ta fi ihunta ban tsoro. "Saurara. Ƙannenki biyu sun zuba miki ido. Maƙwabta sun gaji da tambayata yaushe. Na haɗa ki da Allah kada ki kai wa Babanki wannan maganar, kin san hawan jininsa. Ki rufe bakinki har Asabar ta wuce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na so in ce mata Kaka ma babba ce, kuma ta hango, aka ƙi saurarenta. Na haɗiye. Uwa uwa ce.

Baba tsohon ma'aikacin jinya ne, ya yi ritaya, mutum ne da za ka wuni da shi bai yi magana goma ba. Ya lura ba na cin abinci, ya tambaye ni ko lafiya, na ce gajiyar tafiya ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce Allah ya sawwaƙe. Na tsani kaina a lokacin.

Makaranta ta fi gida zafi. In na shiga ajin ƙarshe sai su miƙe su gaishe ni kamar yadda doka ta ce, su zauna, ba mai tsokana, ba mai tambaya. Yaran da muka ci burodi ɗaya da su a kan tulin taɓo. Ranar Juma'a Lauya ta tsaya bayan kowa ya fita.

"Gobe za mu koma, mu kaɗan, da malamin wasanni. Iyayenmu sun yarda. Za mu tsaya a bakin tantin mu ce mu muka goge."

"Sun ce baki bai isa ba, Lauya."

"Na sani. Amma ba zan iya zama a gida ba." Ta rataya jakarta. "Malama, ke fa zai aura. In ke bai ba ki ba, wa zai ba?"

Ta juya ta fita.

Asabar ta zo. Tun hantsi Gwaggo ta zaunar da ni ta zana min gira, ta ɗaura min ɗankwali har sau uku kafin ya yi mata. Leshin ya zauna min, ba zan ɓoye ba, hannun rigar an yi masa aikin duwatsu ƙanana, mayafin kuma shara-shara ruwan madara. Na kalli madubi na ga amarya. Wayata na kan gado tana ta haske, Lauya ce ke rubutowa da wayar malam.

"Mun iso. Kaka na zaune a bakin tantin tun safe."

"Sun saurare mu, sun ce sun tausaya, amma sai da shaida."

"Malama, sun fara loda kujeru a mota."

Na tura wa mutumina saƙo na ƙarshe, "Don girman Allah." Ya karanta bai amsa ba. Jim kaɗan na ji tsayuwar motarsa a ƙofar gida. Baffansa da kawunsa ya kawo, shi ma ya shigo, wai shi ne direba.

Bayan sun gaisa da Baba an ɗan taɓa hira, Umma ta miƙo min tire da lemo da ruwa, ta gyara min mayafi, ta raɗa min, "Saura ki ɗaure fuska." Na shiga da sallama, na durƙusa na gaishe su, na zuba wa kowa. Mutumina na zaune a kujerar gefe cikin shadda ruwan zuma, har da hular da ta dace, yana min murmushi kamar ba abin da ya faru. Na yunƙura zan fita sai ya ce, "Baba, a yi min afuwa, wannan rana ce ta tarihi. Gimbiya, ɗan ɗauke mu hoto mana."

Ya buɗe wayar da yatsansa, ya miƙo min.

Masu karatu, ban shirya ba, Allah ne shaidata. Amma da wayar nan ta zauna a tafina a buɗe, sai na tuna bidiyon nan yana cikinta. Suka jeru a doguwar kujera, Baba a tsakiya, shi ya durƙusa a gaba. Na ɗaga wayar na ɗauka. Sannan na taɓa ɗan hoton da ke ƙasa, na ja baya, na ja baya, hotunan gwangwanaye, hotunan shago, hotunansa a mota, sai ga shi. Ƙofar Kaka, da zanen ruwa ya ratsa saman tagarta. Na danna, na zaɓi guruf ɗin tafiya, na tura.

Bidiyon babba ne. Ɗan da'irar nan ta fara juyawa a hankali kamar mai ciwon ƙafa.

"Kin ɗauka?" ya tambaya.

"Baffa ya rufe ido. A sake."

Suka gyara. Da'ira ko rabi ba ta kai ba.

"Kawu, ɗan matso, hularka ta fita."

Kawu ya matso yana dariya yana cewa lallai an samu 'yar boko mai tsari. Gumi na bin bayana a cikin leshi. Na ce hasken taga ya yi yawa, mutumina ya tashi da kansa ya saki labule ya dawo ya durƙusa. Na ce Baba ya cire tabarau suna ƙyalli. Baba ya dube ni, dubawar da ta nuna ya san akwai wani abu, amma ya cire. Da na sake kallon wayar, da'irar ta cika. Bidiyon ya tafi.

Da a nan na tsaya, da na miƙa masa wayarsa na fita salin alin, sai daga baya ya gani. Niyyata ke nan. Sai Baffansa ya gyara babbar riga ya dubi Baba.

"Alhaji, ba don yaronmu ne ba, amma samun mai tausayin talaka irinsa sai an tona. Ka ga abin da ya yi wa mutanen da ruwa ya ci? Layi guda ya gyara musu, tsofaffi suna ta sa masa albarka."

Shi kuma ya sunkuyar da kai, wai kunya.

Ban san sanda yatsana ya danna ba. Ko kuwa na sani, kada in yi muku ƙarya, har ƙarar na ƙure. Muryar Kaka ta cika falon, tana rawa.

"Ɗan nan, don girman Allah ku bar min zanen nan. Shi ne shaidata. Masu dubawa ba su zo ba tukuna."

Sai dariyarsa, tar, ba mai cewa ba shi ba ne. "Kaka, matsa gefe kina tare min haske. Yara, ku kankare. Malamarku ta amince, ita ta turo ni."

Daga bayan labulen tsakar gida na ji Umma ta ce innalillahi. Kawu ya ajiye kofinsa a hankali. Mutumina ya miƙe zumbur, fuskarsa ta sauya, ban taɓa ganinta haka ba.

"Ba ni wayata."

"Zauna," in ji Baba.

Bai ɗaga murya ba, amma sai ga shi ya koma ya zauna a ƙasa. Baba ya mayar da tabaransa ya miƙo min hannu. Na sa masa wayar. Ya ce in mayar masa farko, na mayar, ya kalla har ƙarshe, ƙofa bayan ƙofa. Yana cikin kallo saƙo ya faɗo a saman wayar daga guruf, daga lambar malamin wasanni. Baba ya matso da ita kusa da ido, ya karanta a fili, a hankali, yadda yake karanta takardar magani.

"Sun gani. Sun sauko da alli daga mota, sun nufi layin. Kaka na gaba, yara na biye."

Ban yi niyyar kuka a gaban baƙi ba, amma kwalliyar Gwaggo ta tashi a banza.

Baba ya kifa wayar a kan tebur. Ya dubi mai nemana ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan baiwar Allah da ka ce ta matsa tana tare maka haske, sa'ar wa ce a gidanku?"

Baffa ya buɗe baki ya rufe.

"Shiga ciki," Baba ya ce min. "Zan yi magana da baƙina."

Na ɗaga labule na fita. Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka tana zagaye tsakar gida. Umma kuwa na tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, idonta a bushe, ta ce, "Na haɗa ki da Allah, kika tsallake. Kin samo wa tsohuwar wani gari ɗaki, madalla. Sai ki je ta zame miki uwa."

Ta shige ta turo ƙofa, na ji ta murza makulli.